Na ɗauka saye na yi, ashe haya na kama

Tun shekaranjiya raina a ɓace yake, kuma in ban amayar da abin ba, ba zan samu barci ba. Bara na biya kuɗin lasisin wata manhajar matse fayiloli. Ba zan kama sunanta ba. Aikina ya ƙunshi tura takardu da hotuna masu yawa, ga wani akwati da ke faɗo mini a fuskar kwamfuta kullum yana roƙon in saya. Na gaji, na biya don in huta. A zatona na mallaka ke nan, kamar yadda mutum zai sayi almakashi ya jefa a aljihun tebur.

Shekara na zagayowa suka sake zarar kuɗi daga katina, babu sallama babu sanarwa. Da na koma sharuɗɗan, sai ga shi can ƙasa, cikin rubutu sirara kamar sawun tururuwa, wai biyan yana sabunta kansa. To, na haɗiye wannan, laifina ne da ban karanta ba. Sai kwamfutata ta mutu, na sayi wata, na shigar da mabuɗin lasisin. Amsar da na samu: an riga an yi amfani da shi a wata na'ura. Wace na'ura? Gawar da ke ƙarƙashin gadona? Sau uku ina rubuta musu, sau uku suna maido mini da saƙo iri ɗaya wanda ko makaho ya san ba mutum ne ya rubuta ba. Na huɗun ne ya fi ci mini rai: wai za su yi mini rangwame in sayi sabo.

Wani abokin aikina ya dube ni ya ce, "Malam, kai har yanzu biya kake yi?" Ya nuna mini 7-Zip, wadda Igor Pavlov ya fitar tun 1999. Kyauta ce, a gida ko a ofis, ba rajista ba mabuɗi. Tana matse fayil a tsarin ZIP, tana yin nata tsarin 7z wanda sau da yawa ya fi ZIP matsewa, tana kulle fayil da kalmar sirri ta hanyar tsarin ɓoye bayanai na AES-256. Shi kansa ZIP ɗin, tun 1989 Phil Katz ya bayyana wa duniya yadda aka gina shi, shi ya sa Windows ke buɗe shi da kanta tun zamanin XP. A 2023 ma Windows 11 ta fara buɗe 7z da RAR, wani tsarin matsewar, ba tare da an ɗora komai ba. Me na saya ke nan?

Da ma WinRAR, manhajar da ke yin RAR, na biya wa, da na san me na riƙa. Ita gwajin kwana 40 take bayarwa, daga nan ta yi ta tuni, amma in ka biya sau ɗaya an gama. Kuma tana da abin da babu a wajen wasu: 7-Zip tana buɗe RAR amma ba ta ƙirƙirarsa, domin lasisin tsarin da Eugene Roshal ya ƙera bai yarda a kwaikwayi hanyar matsewar ba. Wannan aƙalla dalili ne da hankali zai ɗauka.

Ga kuma ƙaryar da ta ja ni tun farko, wai manhajar da na saya za ta rage mini nauyin hotuna. Hoton JPEG da bidiyon MP4 a matse suke tun asali, ko ka sake matsa su abin da zai ragu bai taka kara ya karya ba. Rubutu da jadawali ne ke raguwa sosai. Tallarsu ba ta faɗi haka ba, ba kuwa don ba su sani ba.

Na sa an toshe musu katin. Sai dai tsofaffin fayilolina da yawa na cikin wani tsari nasu na musamman da manhajar ta zaɓa mini ba tare da ta tambaye ni ba. Yanzu haka ina zaune da gwajinsu na 'yan kwanaki, ina warware su ɗaya bayan ɗaya ina mayarwa ZIP kafin wa'adin ya cika.