To mai ciwon suga ya ci me ke nan?

Wallahi na gaji. Wata bakwai ke nan da aka ce mahaifiyata na da ciwon suga, har yau duk ranar cefane sai na dawo da ciwon kai. A asibiti ko minti biyu ma'aikaciyar ba ta yi da mu ba: "Mama, a rage sitaci, a guji zaƙi." Shi ke nan, ta kira na gaba. A rage zuwa yaya? Da me za a auna? Ko oho.

Sai da na yi ta bin mutane da tambaya kafin na ji batun raba faranti: rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu kifi ko ƙwai ko nama, sauran kashi ɗayan kuma shinkafa ko wani abu mai sitaci. Maganar da ba ta wuce numfashi ɗaya ba! Amma aka bar tsohuwa tana zama da yunwa saboda tsoro, alhali tana shan maganin sauke suga. Wata safiya na tarar da ita tana karkarwa, zufa ta jiƙa mata wuyan riga. Na soki yatsanta, na'urar auna suga ta nuna 62. Ashe duk abin da ya yi ƙasa da 70 haɗari ne, wannan ma ba wanda ya gaya mana.

Kanti kuwa nan ake yi mana wayo a fili. A gaban kwali ga manyan haruffa wai ba a ƙara suga ba. Juya bayansa ka ga rubutu kamar ƙafar kiyashi, sai ka matse ido kafin ka gane maltodestirin ne a ciki, wani gari da ake yi daga sitaci, wanda yake ɗaga suga cikin jini nan take. Giram 4 na suga cokalin shayi ɗaya ne, kuma sau da yawa adadin da suka rubuta na ɗan abin da za ka ɗiba ne, ba na kwalin duka ba. Wa ke da lokacin wannan lissafi yana tsaye ana tura shi da kwando?

Abin da aka liƙa wa sunan masu ciwon suga ya fi komai tsada. Ganye kwana biyu ya yi yaushi, sai an sake komawa. Farin burodi da lemon kwalba, su kam ga su nan birjik tun daga bakin ƙofa.

Jiya Mama ta kalli farantinta ta ce, "'Yar nan, wannan ba zai cutar da ni ba?" Ni da nake jiran a gaya mini, ni ake tambaya.