Matasan Ikilisiya, Wannan Ƙwannafin Ba Kullum Ba Ne Olsa

Salama gare ku 'yan'uwana cikin Almasihu. Akwai wata ɗabi'a tamu da take damuna sosai. Mutum ya wuni yana azumi da addu'a, in lokacin buɗe baki ya yi sai ya zauna da malmala uku ta tuwo, miya ta ji mai da attarugu, ya kora da lemon kwalba mai gas, ko minti 20 ba a yi ba ya miƙe a katifa. Can cikin dare ƙirji ya ɗauki zafi, ruwa mai tsami ya taso har maƙogwaro, gyatsa ba ƙaƙƙautawa, da safe a ce ai olsa ce ko kuma harin maƙiya.

Wani lokacin ƙaba ce ta ciki, likitoci na ce mata hayatas haniya. Akwai tantanin nama da ya raba ƙirji da ciki, yana da ƙofar da bututun abinci ke bi, in ƙofar ta saki sai saman tumbi ya turo ya shiga ƙirji, shi ya sa ruwan tsami ke dawowa sama. An fi ganinta ga waɗanda suka haura shekara 50, amma ƙiba da tumbi, ɗaga buhuna masu nauyi, yunƙuri a bayan gida saboda taurin ciki, tari mai daɗewa na masu shan taba, duk suna matsa wa ciki, kuma matasa ma ba su tsira ba.

Bulus ya gaya wa Korintiyawa jikinmu haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, ya kuma gaya wa Galatiyawa kamunkai na cikin 'ya'yan Ruhu. To kamunkan nan har gaban kwano ake nuna shi. Mu da muke wa'azi a kan giya da taba, me ya sa haɗama ce kawai ba ma taɓawa?

Dan Allah ku riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan, a bar awa 2 zuwa 3 tsakanin cin dare da kwanciya. A sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai ya ɗagu kamar santimita 15 zuwa 20, tara filo ba ya yin aikin, lanƙwasa ciki yake yi. Kwanciya ta gefen hagu tana taimakawa. A sassauta bel, a rage soye-soye da kofi, a yawaita ganye da ruwa saboda bayan gida ya yi laushi. Lasar kanwa kullum kuma ba magani ba ce, a daina.

Amma ku ji ni da kyau, waɗannan suna sauƙaƙa wahala ne, ba sa mayar da tumbi wurinsa. In abinci na maƙalewa, ko kana rama ba dalili, ko aman jini, ko kashi baƙi ƙirin, ko ciwon ƙirji mai tsanani da gumi, kar ka tsaya jiran ranar Lahadi. Fasto ya yi maka addu'a a kan hanya, ku wuce asibiti tare a duba ka, Luka ma ai likita ne.