Kafiya Daban, Taurin Kai Daban

Shekarata tara ke nan a Kumasi, kuma na lura da wuya in ji kalmar kafiya a bakin matasan unguwar Aboabo. Duk wanda ya ƙi bin magana, yaro ne ko dattijo, sai su ce taurin kai gare shi. A Kano inda na tashi ba a haɗa su a kwando ɗaya.

Taurin kai na yaro ne da jaki, wanda aka ce bari ya ƙi bari. Kunnen ƙashi ma ɗan'uwansa ne, kuma Asantawa suna da irinsa, asooden, wato taurin kunne. Mai kafiya kuwa ya ji ka sarai, ya gane hujjarka, wataƙila ma a ransa ya san kai ke da gaskiya. Matsawa ce ba zai yi ba. Kalmar da kanta ta faɗi haka: daga kafe ta fito, kamar turken da aka kafa, ko motar da ta kafe a laka.

Kwanaki a kasuwar Kejetiya na ga wani dattijo ɗan goro ya kafe kan farashin huhu, saura sidi goma a daidaita. Na ce, "Baba, a sassauta mana." Ya ce, "Ɗana, albarka." Mai saye ya tafi, goro ya kwana. A gida da an samu masu yaba masa, a ce magana ɗaya gare shi. A nan dariya aka yi.

Da farko dariyar ta ba ni haushi, yanzu kuwa ina ganin suna da hujja. Mutumin zango baƙo ne tun asali, a ƙasar wasu kakanninsa suka sauke kaya, kuma tsofaffi ba su manta da korar baƙi ta 1969 zamanin Firayim Minista Busiya ba. Wanda ke zaune haka dole ya iya lanƙwasa. Dubi Babban Limamin Gana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, da ya shiga cocin Katolika a Akara ranar Ista ta 2019, yana gab da cika shekara 100. Wasu sun yi gunaguni, shi ko a jikinsa.

To wannan fa, kafiya ce ko sassauci? Na tambayi dattijon goron nan, ya ce shi dai huhunsa bai sauka ba.