Rabon Gadon Ƙungiyar da Ba Ta Yi Suna Ba

(Ɗakin ƙasa na wata mashaya a unguwar Camden, Landan, a farkon 1980. Ƙarfe 11 na dare ta wuce, an rufe sayar da giya.)

MANAJA: Jama'a, na tara ku ne domin mu raba gado, tunda ƙungiyar kiɗan nan da muka kafa a watan Mayun 1979, a makon da Margaret Thatcher ta hau mulkin Birtaniya, ta riga mu gidan gaskiya. Ita matar tana nan daram, mu kuwa ko shekara ba mu cika ba.

MAWAƘI: Ba mutuwa muka yi ba, Manaja. Mun ƙi sayar da mutuncinmu ne ga manyan kamfanonin faifai.

MAI GANGA: Wa ya taya, balle mu ce albarka?

MAWAƘI: Kai ba ka taɓa fahimtar manufarmu ba. 'Yan kiɗan fank (punk) na 1977, masu kiɗan bore da hayaniya, ihu da tofar da yawu kaɗai suka iya. Mu da muka biyo bayansu mun ɗauko amon babbar jita daga kiɗan rege mun sa shi a gaba, muka mai da ƙaramar jita kamar ana kankare tukunya, domin mu nuna wa duniya baƙin cikin matashin da ba shi da aikin yi.

MAI MASHAYA: Samari, ni ma baƙin cikin ya iso gare ni. A 1975, idan masu kiɗa irin na ƙungiyar Dr. Feelgood suka hau dandamali, sai mutane su yi ta rawa har su yi gumi, gumi ya kawo ƙishirwa, ƙishirwa kuma ta kawo ciniki, kuma domin haka ne kawai muke ba makaɗa wuri. Naku masoyan kuwa zuwa suke cikin dogayen kwat, su tsaya suna kallon ƙasa kamar masu zaman makoki, kofi ɗaya a hannu tun daga ƙarfe 8 har a tashi.

MAWAƘI: Yallaɓai, ai tunani suke yi.

MAI MASHAYA: Tunani ba ya biyan kuɗin lantarki.

MANAJA: Duk da haka, ranar Talatar nan ta watan Nuwamba mun tara mutum 9.

MAI GANGA: Huɗu daga ciki makaɗan da za su hau bayanmu ne, biyu ruwan sama suka shigo fakewa, ɗaya mahaifiyata ce, wadda ta toshe kunnuwanta da auduga. Sauran biyun ban san laifin da suka yi ba.

MAWAƘI: Ko 'yan ƙungiyar Joy Division, da suka fara wasa a Landan a mashayar Hope and Anchor cikin Disambar 1978, ai ɗakin bai cika ba.

MAI GANGA: Su dai suna da sunan da za a neme su da shi. Mu kowane mako sai ka sauya mana suna saboda ka karanta sabon littafi, har ta kai wanda ya ji daɗin kiɗanmu a unguwar Islington ya rasa inda zai same mu a unguwar Hammersmith.

MANAJA: Mu koma kan dukiya. Akwai motar ɗaukar kaya, wadda ba ta tashi sai an tura. Lasifika kuwa mai babbar jita ya tafi da ita ranar da ya samu aikin kwandasta. Sai faifai 500 da muka buga da kuɗin tallafin marasa aikin yi, muka liƙa bangonsu da hannu a ɗakin girki, saura 483.

MAWAƘI: Wato mun sayar da 17.

MANAJA: Mun sayar da 5, sauran 12 kuma rana ta lanƙwasa su a bayan mota.

MAWAƘI: Abin da ya karya mu shi ne shirun John Peel, mai saka faifai a rediyo. Dare 40 muna zaune gindin rediyo daga ƙarfe 10 zuwa 12, muna jiran ya saka faifanmu a BBC, mutumin da ya ɗaga ƙungiyoyin da ba su kama ƙafarmu ba.

MANAJA: Game da wannan, tunda yau ranar gaskiya ce, jiya da nake share mota na tsinci ambulan ɗin da ya kamata in aika masa faifanmu a ciki a ƙarƙashin kujera. Ashe kuɗin kan sarkin ne na sayi mai da su a hanyar Fulham.

MAI GANGA: Manaja, kashi 20 cikin 100 muke biyan ka.

MANAJA: Kashi 20 na babu, ai ban cuce ku ba.

MAI MASHAYA: Kafin ku fara dambe a wurina, teburin can na lungu ƙafarsa ɗaya ta gaza. Ku ba ni faifai 3 in tokare shi, in biya ku fam 1.

MAWAƘI: Albarka, Yallaɓai! Fasaharmu ba ta tokare teburi ba ce.

MAI GANGA: An sallama, Yallaɓai. Idan akwai wani teburin mai rawa a sama, a duba mana tun ba mu loda kaya ba.