Launin Allo Daban, Launin Takarda Daban

Da yawa suna zaton idan sun tsara takardar tallan kasuwa a CorelDRAW ko Photoshop, yadda launi ya haska a kwamfuta haka zai fito a takarda. Ba haka ba ne. Allo da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, wato RGB. Injin bugawa kuwa tawada huɗu yake zubawa, tsarin CMYK, shi ya sa shuɗi mai ƙyalli da kore shar kan fito a dushe. Tun farko a saita aikin a CMYK, hotuna su kai 300 dpi (ɗigo 300 a kowane inci), ba waɗanda WhatsApp ya matse ba. Kafin a buga da yawa, a nemi gwaji guda a kan ainihin takardar.