Ku bar ni da kewata

Daren jiya ƙanwata ta shigo ta same ni zaune a ƙasa, tsofaffin hotuna warwatse a gabana, sautin fiyano na tashi a hankali daga waya. Ta tsaya ta ƙare mini kallo, ta ce, "Yaya, kai dai da sanyi ya shigo sai ka koma kamar wanda aka yi wa rasuwa. Kashe wannan abin mana." Ban kashe ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zo nan in amayar.

Na san abin da take tsoro, kuma tana da gaskiyarta. Akwai ciwon damuwa na haƙiƙa da ke zuwa da hunturu. A 1984 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Norman Rosenthal, da abokan aikinsa suka fayyace shi: yini ya gajarta, haske ya ragu, agogon jiki ya rikice, mutum ya yi ta barci, komai ya fita daga ransa. A arewacin ƙasar Nowe akwai garuruwan da rana ba ta leƙo su na kusan wata 2. Mai wannan larura likita yake buƙata, har fitila ta musamman ake sa shi ya zauna gabanta da safe.

Nawa ba shi ba ne. Nawa kewa ce, kuma na gaji da yadda ake ɗaukar kewa kamar zazzaɓin da za a sha wa magani. Ba yau aka fara ba: tun 1688 wani ɗalibin likitanci, Johannes Hofer, ya rubuta ta cikin jerin cututtuka, wai tana kama waɗanda suka yi nisa da gida. To ni ina gida, ta kama ni.

Ku ɗauko kundin hotunanku ku duba da kyau. Masu launi na shekarun 1970 da 1980 da yawansu sun koma jajaja, domin rinin shuɗin ya riga sauran kodewa, alhali baƙi da fari na kakanni suna nan garau. Fim ɗaya hoto 24 ko 36 yake ɗauka, don haka ba a ɓarnatar da shi. Sai an yi ado, an jeru, an yi murmushi. Ba wanda ke ɗauko kyamara ranar da aka yi rigima, ko daren da aka kwana a kan mara lafiya. Kuma wanda ya fi kowa rashin hoto shi ne mai riƙe da kyamarar. A namu mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa. Na ƙirga, sau 4 kacal ya fito a kundin gaba ɗaya, ɗaya ma inuwarsa ce a kan bango.

Wannan gurbin da hoto ya bari, shi kiɗan Turai na dauri yake cike mini. Ba ya tilasta maka murna. Abin da nake ji jiya waƙoƙin tafiyar hunturu ne na wani mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Ostiriya, Franz Schubert, guda 24, murya ɗaya da fiyano ɗaya, ya tsara su a 1827. Da ya rera wa abokansa, duhun waƙoƙin sai da ya dame su. Shekara ta zagayo ya rasu a Viyana yana da shekara 31. Waƙar ƙarshe a cikinsu tana magana ne a kan wani tsoho mai kiɗa a bayan gari, tsaye ba takalmi a kan ƙanƙara, ba mai sauraronsa, bai kuma daina ba. Ba na jin Jamusanci, fassara na nema, amma tun kafin in karanta jikina ya riga ya gane.

Masu cewa irin wannan kiɗa yana ƙara ƙunci, ni dai akasin haka nake gani. Kiɗan rawa a irin wannan dare shi ke sa in ji kamar baƙo a ɗakina.

Ƙanwar tawa dai ba ta fita ba. Ta durƙusa, ta ɗauki wani hoto na wata mata riƙe da jariri, ta juya bayansa, ba suna ba kwanan wata. Ta ce, "Yaya, wace ce wannan?" Na daɗe ina kallonsa. Wadda za mu tambaya ta rasu bara.