Coco Chanel da mudun da Faransa ta auna mutane da shi bayan yaƙi

Tun da na zo Paris da zama, hanya takan bi da ni ta titin Cambon, inda kantin Chanel yake, kuma duk lokacin da na ga masu layi a ƙofarsa nakan tuna da tsofaffin sojojin Faransa da na taso ina gani a Damagaram, sanye da lambobin yabonsu.

Lokacin da Jamus ta mamaye Paris a 1940, a Yaƙin Duniya na Biyu, Coco Chanel, shahararriyar mai zayyana tufafi, ta riga ta rufe gidan ɗinkinta tun 1939, ta ci gaba da zama a otal ɗin Ritz inda manyan hafsoshin Jamus suke sauka, kuma ta ƙulla soyayya da wani jami'in leƙen asirinsu mai suna Hans Günther von Dincklage. Takardun da ɗan jarida Hal Vaughan ya fito da su a 2011 sun nuna cewa Abwehr, hukumar leƙen asirin sojan Jamus, ta yi mata rajista da lamba F-7124 da sunan ɓoye Westminster, kuma ta je Madrid da nufin isar wa firaministan Birtaniya Churchill saƙon sulhu daga Walter Schellenberg, wani babban jami'in leƙen asirin Nazi, aikin da bai kai ko'ina ba. Masu kare ta suna cewa ɗan 'yar'uwarta André Palasse take neman fitarwa daga sansanin fursunoni, kuma ban raina wannan uzuri ba, domin jini ya fi ruwa kauri. Amma uzurin bai rufe abin da ta yi a 1941 ba, lokacin da ta nemi amfani da dokokin ƙwace dukiyar Yahudawa domin ta raba iyalin Wertheimer, Yahudawan da take kasuwanci da su, da kamfanin turarenta, sai ta tarar sun riga sun damƙa shi amana ga Félix Amiot, wani ɗan kasuwa Bafaranshe da ba Bayahude ba. Wannan a idona cin amanar abokin kasuwanci ne a ranar da ƙasa ta juya masa baya.

Da aka 'yantar da Paris a 1944, mata kimanin 20,000 a faɗin Faransa aka aske wa kai a bainar jama'a bisa zargin hulɗa da Jamusawa, yawancinsu talakawa marasa mai tsaya musu. Ita kuwa Chanel tambayoyi aka yi mata na 'yan sa'o'i aka sallame ta, ta wuce Suwizalan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya faru a ƙarshen wannan shekarar. Sojojin da Faransa ta ɗebo daga Afirka ta Yamma, rundunar da 'yan Nijar ma suka yi aiki a cikinta ko da yake sunan Senegal aka laƙaba mata, sun shafe shekaru a tsare a hannun Jamus. Da aka mayar da wasunsu sansanin Thiaroye kusa da Dakar suka nemi haƙƙinsu na albashi, sai sojojin Faransa suka buɗe musu wuta ranar 1 ga Disamba 1944. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama kuma suna ganin adadin ya zarce haka nesa ba kusa ba, sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda ya kira abin kisan kiyashi.

Chanel ta dawo Paris a 1954, ta sake buɗe gidan ɗinkinta da kuɗin Pierre Wertheimer ɗin da ta so ta ƙwace wa dukiya, ta mutu a ɗakinta na Ritz a 1971. Kaburburan da ke maƙabartar Thiaroye har yau babu sunan kowa a kansu.